Kwalin Kawu Jelani

A Runjin Sambo, ƙarƙashin gado,
na tarar da kwalin wasan Kawu Jelani.
Gara ta ci rabin fiffiken dodo,
takobin jarumar ya koɗe,
zafin Sakkwato ya sha jininsa.

Na kai shagon Bashar a Gawon Nama.
Ya kifa murfin bisa gilashin na'ura,
haske ya bi shi sannu, kamar mai lallashi.

"In cike fiffiken?"
A'a. Bar wa gara aikinta.
Bar tabon shayin da Kawu ya ɓarar
daren da na cinye shi,
ya rantse maguɗi na yi.

Yanzu dodon cikin wayata yake kwana.
Ba ya tsufa.
Ƙamshin ɗakin Kawu ne dai
ya ƙi shiga.