Taya Ta Biyar

A Suwame nake, layin masu faci,
bayan rumfar Akosuwa mai wake da shinkafa,
inda baƙin mai ya shanye ƙasa
har kaji sun daina tono.
Nan Hajiya Memuna ta tsaya.

Ta ce, Inusa, motar marigayi ce,
tayoyin gaba sun fara sanƙo.
Na ce a sauya musu mazauni,
ta gaba ta je ta huta a baya.

Na ɗaga shimfiɗar but, sai ga ta kwance,
ko gashin robarta bai zube ba.
Shekara shida tana jin kwalta daga sama
ba ta san zafinta ba.
Na ce, Hajiya, zama ma yana ci,
roba ba ta son ajiya.
Mu sa ta a layi, biyar su raba wahalar huɗu.
Ta ce, kai ka san aikinka,
ni dai in kai Tafo lafiya.

Awudu ya danna jak,
na tara notuna a cikin hulata,
na buga iska, na auna, na sake aunawa.
Tsohuwar muka kwantar a gurbin safaya.

Kwana biyu ga ta, ko gaisuwa a tsaitsaye:
wata fitila ta hana ta sukuni,
tana kallonta daga bayan sitiyari,
'yar ƙarama, rawaya.

Na zagaya na durƙusa sau huɗu,
kowace taya cike take kamar ganga.
Awudu ya juya kai yana danne dariya.

Sai na tuna. Bayan kowane bawul
akwai ɗan abu kamar ƙwallon dabino,
sansa, mai yi wa mota raɗa:
iskata kaza, iskata ta ragu.
Huɗun da aka haifi motar da su kowa da bakinsa,
ta biyar kuwa bebiya.

Na buɗe but. Tsohuwar ta lotse,
ƙusa ce siririya a kafaɗarta,
tana saki a hankali cikin duhu,
tana kai ƙara, mota tana saurare.
Wadda ke ɗauke da nauyin kuwa,
mai shan ramukan Kirofurom da ruwan kwata,
babu wanda ya yi mata tambaya.

Na ajiye sifana. Na ɗaga kai.
Allon rumfar nan har yau Baba Seidu yake cewa.
Shekara uku ke nan yana kwance a Aboabo,
ɓarin jikinsa ba ya amsawa,
amma direba zai tsaya a kaina,
hannuna cikin tayarsa har gwiwa,
ya ce, ina mai wajen?
In ce yana gida.
Ya ce to ka buga masa waya.

Ni ne na biyar a yaransa,
wanda aka bari da wankin rim da sayo koko.
Huɗun sun watse, ɗaya Tamale, ɗaya teku.
Ban ce komai ba, Hajiya.

Na zare sansar daga tsohuwar,
na ɗaura wa sabuwar a bayan bawul,
na aro na'urar Kwabena Oti daga tsallake,
sidi ashirin, ba ya ragi.
Muka bi su ɗaya bayan ɗaya
muna gaya wa mota wace ce ke ina.
Ham ta yi ƙara sau huɗu.
Fitilar ta yi jim, kamar mai shawara,
sannan ta rufe ido.

Hajiya ta ce, shi ke nan?
Na ce tsohuwar sai na yi mata faci,
kada ki bar ta, za a neme ta wata rana a hanya.

Da la'asar Awudu ya zo da ragowar fenti,
ya dubi allon, ya dube ni.
Na ce mayar.
Gobe Juma'a, zan kai wa Baba goro da lemo.
Kai dai ɗauko sifana,
waccan torotoron da ke shigowa
yau kai za ka kwance mata taya.