Aron Harshe

Tun ran da majo ya ɗiga jinina a kan ɗan tsinke
ya ce, "Mushe, kai da zaƙi kun yi sallama,"
nake wuce shagon Kiyari da kai a sunkuye
kamar wanda ake bi bashi.

Ran alhamis fansho ya fito.
Na damƙa wa Barira jikka guda da 'yan canji,
ta bi ta kasuwar Dole, ta biyo ta Zengu,
ta dawo da madarar shokola har iri huɗu,
sanyinsu ya jiƙa mata gefen zane.

Na ce, ke da harshe, ni da jan biro.
Shekara talatin da ɗaya ina ba da maki a Birni,
hannun bai manta ba.

Ta farko 'yar kwali ce, mai tsinke a goye,
ta sha hanya kafin ta iso Damagaram.
Barira ta zuƙa, ta dubi rufin azara.
"Tsararo ce, Kaka.
Kamar an ɗauraye kofin da shokola ta kwana a ciki."
Na rubuta takwas bisa ashirin.

Ta biyu tana cikin kwalba, daga firigo,
mai kauri, mai nawar sauka,
ta bar mata gashin baki ruwan ƙasa.
"Wannan kunun gyaɗa ne ya yi ado.
Tana liƙe wa dasashi,
ƙarshenta kuma ɗaci-ɗaci, kamar ƙanzo."
Na so in ce ai ɗacin nan shi ne mutuncinta,
amma mai aron harshe ba ya gardama.
Sha ɗaya.

Ta uku haɗin Ilu mai shayi ce,
gari daga gwangwani, madara cokali biyu,
ya sheƙa daga kofi zuwa kofi
har kumfa ta yi rawani.
"Sukari ya yi mata yawa, haƙorina na tsami.
Ga tsaki-tsaki a ƙasa,
sai ka ce an tankaɗe ta da rariya mai huji."
Tara da rabi. Rabin don kumfar ne.

Ta huɗu ta Gaptiya ce, maƙwabciyarmu,
a ƙulle cikin leda, da ƙamshin kanumfari.
Kuran ya ɗauke tun hantsi,
rabi ƙanƙara, rabi ruwa.
Ta huda kusurwa da haƙori, ta tsotsa,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan: "Ba laifi. Amma ba ta kai fura ba."

Na tattara lissafi.
Aji guda, babu mai sha biyar!
Na ce ashe duniya ta lalace bayana,
ban yi asarar komai ba.
Na kurɓi shayina marar sukari,
har na ji ya yi mini daɗi.

Da ta tashi kai kofuna,
'yar kwalin nan mai takwas tana kan tabarma,
ɗigo ɗaya na lilo a bakin tsinke.
Na waiga. Na tare shi da ɗan yatsa.

Wayyo.
Madara ta buɗe, shokola ta biyo baya,
laushi kamar hannun jariri,
sanyi har bayan kunne.
Wannan ce tsararon?
Wannan aka ɗauraye?

Daga bakin randa na hango ta
tana lashe murfin kwalba, ido a lumshe,
ta juya mini baya don kada in gani.

Shekarunta tara.
Iri huɗu ta kushe mini, ɗaya bayan ɗaya,
fuska a murtuke,
don kada tsoho ya kwana da kwaɗayi.

Na jawo takardar, na soke makin duka.
A ƙasa na rubuta sunanta.
Ban taɓa ba ɗalibi ashirin ba,
ko ɗan sufeto.
Biron ma sai da ya yi gardama,
na hura masa iska, sannan ya kama.