Baƙon Iri a Kasala

Ran Talata Ilu ya dawo daga gidan waya
da 'yar ambulan fara, ba ta cika tafin hannu ba.
Sunana ne a kai, Tukur Gambo, ba kuskure,
har da unguwarmu, yamma da Gash.
Sauran rubutun kamar kaza ta taka tawada.
Liman ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙo mini abina.

Wani ɗan makaranta ya ce an rubuta 'yan kunne.
Tabawa ta ajiye muciya, ta dube ni:
"Tsoho, na wace ce?"
Na farke a gabanta don a zauna lafiya.
Sai ƙwayoyi suka zubo a faifai,
baƙaƙe, masu tsini, goma sha tara.
Ba riɗi ba, ba kuɓewa ba, ba yakuwa ba.
Shekara hamsin ina noman albasa a wannan fadama,
ban taɓa riƙe irin da ban san uwarsa ba.

Ban saya ba, ban roƙa ba.
Ba ni da kowa a ƙetaren teku
sai ɗan ƙanena a Jidda,
shi kuwa ko gaisuwa sai da Salla.

Mahjub na ofishin gona ya zo a babur,
ya ƙi taɓa jabana sai da ya gama faɗa:
"Kada ka shuka, kada ka watsa wa kaji,
kada ka zubar a magudana.
Ka ga maskit? Shi ma kyauta aka kawo shi,
wai zai tare mana rairayi.
Yau ina gonar Onur? Ƙaya ta cinye,
rijiyarsa ta ƙafe, ya koma dako a tasha."
Gaskiya ya faɗa. Ni ma na sari maskit,
ga tabon a ƙaurina, damina bakwai bai ɓace ba.

Da dare barci ya ƙi ni.
Na tuna kakana Sambo, da ya taso daga Haɗeja a ƙafa,
Makka a ransa, gero a ƙullin riga.
Shekara tara yana tafe,
guzuri ya ƙare masa a gindin dutsen Taka.
Wa ya aika masa ya zo?
Wa ya iya karanta abin da ke goshinsa?
An dube shi yadda na dubi faifan nan.
Ya tsuguna dai, ƙasa ta karɓa,
ga mu yau, ciniki da Larabci, mafarki da Hausa.

To, amma wa ya ce kowane baƙo kakana ne?
Wani baƙon raɓa ne, wani fara.

Da asuba na hura gawayi,
ina jefawa ina ƙirgawa,
suna fashewa tas, tas, kamar gishiri a wuta.
Sha shida, sha bakwai, sha takwas.
Na karkaɗe faifai, na ɗaga tabarma,
na zazzage takalmina.
Sha takwas.

Jikata Ige, mai giɓin haƙori,
ta kawo mini shayi idonta a ƙasa.

Kwana goma sha ɗaya sannan na gani:
gwangwanin tumatir a ƙarƙashin randa,
daidai inda ruwa ke ɗiga,
an kewaye shi da tsinken tsintsiya saboda kaji.
Ganye biyu ne tak, kore shar,
a buɗe kamar hannun mai roƙon Allah.
Ba su yi kama da kowa ba tukuna.
Maskit ma haka yake yana ƙarami,
haka ma gero.

Buta na hannuna na dama,
lambar Mahjub na aljihun hagu,
Ige na bayan ƙyaure, ina jin numfashinta.
Sai ladan ya kira magariba.
Na ce, bari in je in dawo.