Harafi Ɗaya da Batirin Agogo

Ran Laraba na sa wa sabar asibitinmu kwaɗo,
ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshi.
Na fita Rumde Ajiya na sha shayi da madara,
har na biya wa wani ɗan acaba nasa.

Alhamis da hantsi Dijatu ta leƙo:
"Manhajar likita tana rubuta magani,
ta ɗakin magani ta ce ba ta san zancen ba."
Hamajoda ya zaro tsohon littafi da biro,
layi ya miƙe har gindin darbejiya,
ranar Garwa tana dafa ƙeyar mutane.

Shekara huɗu suna gaisawa, su biyun nan,
akwati ɗaya, ƙarƙashin tebur ɗaya,
fanka ɗaya ke yi musu fifita.
Na kawo tsaro, gaisuwa ta mutu.

Na buɗe kundin kurakurai.
An ƙi. An ƙi. An ƙi,
sau ɗari uku da sha ɗaya tun asuba.
Ashe ta ɗakin magani tana can tana ƙwanƙwasa ƙofa ta tamanin,
ƙofar da na toshe da hannuna jiya.
Harafi ɗaya ya rage a adireshin,
ɗan lanƙwasasshen nan mai kama da ƙugiya.
Na ƙara shi. Na ce shi ke nan.

Ba shi ke nan ba.
"Wa ya sa hannu a takardar shaidarki?
Shi kuma wa ya tsaya masa?"
Tambayar ɗan sandan kan gadar Binuwai.
Na nemo takardun duka, na jera su uba da kaka,
na sake tayar da ita, gumi na ɗiga kan madannai.

Sai ta ce: takardar nan lokacinta bai yi ba.

Na zauna. Azahar ta wuce ni a kujera.
Bai yi ba? Jiya fa aka ba ni!
Can idona ya faɗa kan kwanan wata:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma.
An ɗauke wuta cikin dare,
sabar ta farka ba ta san shekarar da ake ciki ba.
Batirin da ke riƙe mata lokaci,
wanda bai fi kwabo faɗi ba,
ya mutu, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Dala ɗari na ba mai gyaran agogo a babbar kasuwa,
ya naɗe min shi a yagaggen takarda.

La'asar sakaliya saƙon farko ya ƙetare:
maganin zazzaɓi, cokali ɗaya, yaro ɗan shekara uku.
Na ce, "Hamajoda, duba!"
Ya duba. Ya rufe littafin, ya tura shi aljihun tebur.
Biron kuwa ya maƙale shi a bayan kunne,
ya ce, "Gobe ma rana ce."