Sifana Mai Lamba Goma Sha Uku

Baba, darbejiyar bakin gadar Garwa tana nan,
ƙasar gindinta har yau baƙa ce da mai.
Hamajam ya share wurin jiya,
ya bar tabarmarka a naɗe.

Ba ka taɓa mota sai ka saurare ta tukuna.
Kakan kafa kunne a ƙotar sukudireba,
ka lumshe ido kamar mai jin karatu,
ka ce: wannan ba ciwo ba ne, ƙishi ne.
Direbobin auduga su yi dariya, su tafi,
su dawo da buhun gyaɗa maimakon sefa.
Inna Dudu ta yi faɗa.
Ka ce gyaɗa ma tana kai yaro makaranta.
Ta kai mu kuwa, mu shida.

Da magariba sabulu da yashi, sau uku,
amma baƙin bai taɓa barin faratanka ba.
Da hannun nan ka cire mana ƙayar kifin Binuwai,
da shi ka ɗaure mini takalmi ranar jarrabawa.
Na ji kunyarsa a lokacin, gaban 'ya'yan ma'aikata.
Ka yafe mini.

Ranar da aka kai ka, motoci sun toshe hanyar maƙabarta,
ba wanda ya danna oda.
Allah ya haskaka makwanci, Baba Shekarau.

Sifanarka mai lamba goma sha uku tana cikin jakata a Marwa.
Ban ma san abin da ake kwancewa da ita ba.