Shekara Shida Ba Hatimi

Takardu uku na baza kan tabarma,
na danne kowace da abin da hannu ya tarar:
ɗaya da kofin shayi, ɗaya da makullin sito,
ta uku da tsohon kalkuletan Malam Sallau
wanda lambar bakwai ɗinsa ta goge don dannawa.

Ba jarrabawa ke hana ni barci ba,
wannan na san ƙofarta.
Layi ɗaya ne a ƙasan fam:
ina ka yi aiki, shekara nawa, wa ya shaida?

Shekara shida ina riƙe da littafin Alhaji Na-Gambo
a Ƙofar Marusa, taki da iri da maganin feshi.
Ni na gano buhu arba'in da suka yi ƙafa
tsakanin Jibiya da bakin sito.
Ni na kwana uku ina farautar naira ɗari biyu da hamsin
har na kama ta a bayan rasiɗin direba,
ta laɓe cikin tabon manja.

Takarda ta farko ta ce madalla,
amma sai in wanda ya duba aikinka
yana da lasisinmu a bango.
Malam Sallau kuwa, lasisinsa
shi ne duk kasuwar nan
ba a taɓa sake ƙirga abin da ya ƙirga ba.
Wannan ba ya hawa hatimi.

Ta biyu mai sauƙin kai ce.
Ta karɓi watannin bautar ƙasa
da na yi a wani ofis mai fanka ɗaya,
inda babban aikina sayo wa oga ƙosai
da cewa baƙi ya je salla.
Waɗannan ta ce tsaba ne.
Shekara shidan, ƙaiƙayi.

Ta uku ɗan kawuna ya turo daga Maraɗi,
Faransanci ne tsantsa,
na karanta ta kamar mai tauna aya da yashi.
Kusa take, mota ɗaya ce.
To amma hatimin can, in ya tsallako iyaka,
zai yi magana a Katsina
ko bebe zai zama?

Lurwanu ya ce ina wahalar da kaina.
Akwai wani, in ji shi, dubu tamanin kacal,
zai sa hannu cewa a gabansa na girma.
Na yi shiru, don kuɗin suna aljihuna.
Har na riƙe wayar.
Sai na hango shafin farko na sabon littafi,
akanta ya buɗe shi da bisimilla
shigarwar farko kuma ƙarya.
Littafin da ya fara haka
ko ya daidaita a ƙasa, ni na san inda ya karkace.

Saura Hajiya Barira ta hanyar Dutsinma,
mai lasisi, mai jan biro, ba ta dariya kafin azahar.
Ta ce in zo, amma daga sifili,
shekara uku, albashi rabin na Alhaji.
Zan ƙirga shekarun ɗiyata da su:
ranar da za ta shiga aji ɗaya
ni kuma ranar zan zama abin da na daɗe da zama.

Da magariba na kai wa Malam Sallau zancen.
Bai ɗago daga alwala ba.
Na ce, Malam, shekara shidan nan
a wane shafi zan sa su, asara?
Ya ce, wa ya koya maka rubuta asara
kaya suna cikin sito?

Na dawo na ɗauke kofin shayi.
Ya bar zobe a kan takarda ta farko,
daidai gurbin da aka ce hatimi.
Na cike ta a haka.