Daren Wadi Halfa, Kafin Jirgi

Dahab ya aiko da takarda tun sati uku:
malafa, tocila, maganin sauro,
igiyar da za ta iya riƙe ɗan maraƙi.
Can ƙasa ya ƙara da jan biro:
kada ka zo da gaggawa,
ba ta da wurin zama a jirgina.

Ga ni a ɗakin haya a Wadi Halfa,
fanka na juyawa kamar an yi mata dole.
Na baje kaya a kan gadon igiya:
sandar fatsa mai gaɓa huɗu, daga Jidda cikin kwali,
kifayen roba masu idon gilashi,
kowanne da farashinsa manne a ciki.
Na ɓamɓare don kada Hansatu ta gani.

Ashe ta riga ta gani.
Ran da zan taso ta ce, ɗan Tunau,
ubanka ya ci da baki goma sha ɗaya
da koma ɗaya a Mai Wurno,
bai taɓa biyan kowa ya nuna masa ruwa ba.
Sai ta cusa mini dabino da ƙullin yaji,
ta ce in kifin ya ƙi, ka ci wannan.

Da gaskiyarta.
Ina ɗan shekara tara ya ɗora ni a goshin kwalekwale,
na yi amai tun ana jiyo carar zakarun gari.
Ya dube ni, ya dubi kogi,
ya ce, wannan na takarda ne.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina ƙirga ƙwayar magani a bayan kanta,
tafina ya yi laushi kamar tsokar gwanda.

Gobe awa shida ne a ruwa kafin masauki.
Ɗakuna biyar na dutse, in ji Dahab,
inji mai mutuwa da ƙarfe tara,
babu waya, babu kanti,
sai kada ɗaya mai shan hantsi a ƙetare,
wanda ba ya gaida kowa.

Ɗazu a wajen mai shayi na tambaye shi
yadda yake sanin makwancin giwan ruwa.
Ya juya kofinsa, ya daɗe.
Ya ce, garinmu ne a ƙasa.
Inda zan tsai da kai da asuba
dabinon kakata ne a ƙarƙashin ƙafarka,
kifin yana kwana a tsakar gidanta.
Ni ba nema nake ba, ziyara nake kai ku.

Ban sami abin cewa ba. Na biya kuɗin shayi.

Yanzu dare ya raba.
Na ɗauko igiya ina gwada ƙulli
yadda littafin kwalin ya zana,
sau uku yana zamewa.
Na rufe ido don haushi,
sai yatsun suka tafi da kansu,
zagaye biyar, a soka, a jiƙa da yawu, a ja.
Ya kama.
Wa ya koya musu? Ni dai amai na sani.

Akwai abu ɗaya da babu a takardar Dahab:
ƙugiyar Baba, baƙa, ta ci tsatsa,
cikin gwangwanin da yake zuba asara.
Ba za ta riƙe ko karfasa ba.
Na sa ta a aljihun gaba, kusa da katin jirgi.

In na kama, zan auna, in ɗau hoto, in saki,
haka dokar masaukin take.
Baba da ya ji, da ya tofar da goro:
ka kama abinci ka mayar?

Ladan ya fara gyaran murya.
A bakin tafki wani yana ja wa inji igiya,
ya ƙi,
ya ƙi,
ya tashi.